Mai daidaita injin sassaƙar ƙarfe a kwarin Arve

A gabashin ƙasar Faransa, tsakanin birnin Janeba na ƙasar Suwis da gindin dutsen Mont-Blanc, akwai wani kwari wanda kogin Arve ya ratsa. Garuruwansa ƙanana ne: Cluses, Scionzier, Marnaz, Thyez, Bonneville. Baƙon da ya bi ta nan kan hanyarsa ta zuwa kallon ƙanƙarar duwatsu ba zai ga abin da zai tsai da shi ba, sai dogayen rumfunan kwano jere a bakin hanya, fitilunsu a kunne dare da rana. Amma cikin rumfunan nan ne ake yin fiye da rabin ƙananan sassan ƙarfe da ƙasar Faransa take sassaƙawa daga sanda: ƙusoshi masu murɗi, da ƴan bututu, da ƴan zobba, waɗanda ke shiga cikin birkin mota, da jirgin sama, da kan famfon ruwa, har da ƙusar da likita ke ɗaure karyayyen ƙashi da ita.

Ana yawan cewa injunan zamani su ke aiki da kansu. Maganar nan rabinta gaskiya ce. Lalle inji yakan kwana yana zubo da kaya babu kowa a kansa. Sai dai kafin ya fara, akwai mutum guda da ya yi sa'o'i yana ɗaura masa wuƙaƙe, yana awo, yana shigar da lambobi. Faransawa suna kiransa régleur, watau mai daidaita inji. In ya yi daidai, kaya dubu goma za su fito daidai. In ya kauce da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, dubu goman nan duka sai kwandon tarkace.

Injin da kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa kai sandar injin niƙa gyara a Maraɗi ko Damagaram. Shi ne wanda ake kira tur: yana damƙe ƙarfe, ya juya shi da sauri, sa'an nan a kawo wuƙa kusa tana feraye shi kamar yadda ake feraye rake, har ya kai kaurin da ake so. A rumfar gyara hannun ma'aikaci ne ke tura wuƙar, kuma kaya guda ake yi. A kwarin Arve kwamfuta ce ke tura ta bisa ga lambobi, kuma ana ciyar da injin da dogayen sanduna, galibi masu tsawon mita 3, yana yanko kaya ɗaya bayan ɗaya har sanda ta ƙare, wata ta shigo. Wannan sana'a sunanta décolletage. Asalin sunan daga yin ƙusa ne: a feraye jikin sanda a bar mata kai.

Daga agogo zuwa mota

Mutanen kwarin manoma ne da makiyaya tun asali, kuma ƙanƙara takan rufe musu gonaki watanni da yawa, kamar yadda rani ke sa manomi ya nemi wata sana'a. Wajen shekara ta 1720 wani mutumin ƙauyen Saint-Sigismond mai suna Claude-Joseph Ballaloud ya komo daga Nuremberg ta ƙasar Jamus, inda ya koyi aikin agogo, ya koya wa mutanensa. Daga nan iyalai suka riƙa yin ƴan ƙafafun agogo a bakin tagoginsu lokacin ɗari, suna sayar wa attajiran Janeba.

A 1844 gobara ta cinye garin Cluses. Domin kada sana'ar ta watse, sarkin Sardiniya, wanda ƙasar Savoie ke hannunsa a lokacin, ya yarda aka kafa lakkol ta koyon aikin agogo a garin a 1848. Sai a 1860 ne yankin ya shiga hannun Faransa. Lakkol ɗin nan ita ce a yau ake kira Lycée Charles Poncet. Zaman ma'aikata da masu masana'antu kuwa bai kasance lami lafiya kullum ba: ranar 18 ga Yuli 1904 ƴaƴan wani mai masana'antar agogo a Cluses suka buɗe wuta kan ma'aikata masu yajin aiki, mutum 3 suka mutu.

Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ne ya karkatar da kwarin daga agogo. Sojoji suna bukatar sassan harsashin igwa masu ɗimbin yawa, ga shi kuwa injunan agogo sun iya ƙaramin aiki. Bayan yaƙi aka kama yin sassan keke da kayan lantarki, daga baya mota ta zama babbar mai saye. Daga shekarun 1960 aiki ya yi yawa har ƴan ƙasa suka kasa, aka ɗauko ma'aikata daga Portugal, da arewacin Afirka, da Turkiyya.

Daga faifai zuwa lamba

Injunan da suka ɗaukaka kwarin daga ƙetaren iyaka suka zo, musamman daga garin Moutier na ƙasar Suwis, inda kamfanonin Tornos da Bechler da Pétermann suka yi suna. Dabarar Suwisawa, wadda ta samo asali tun shekarun 1870, ita ce: siririn ƙarfe yakan lanƙwashe in wuƙa ta danna shi, saboda haka sai aka sa sandar ta riƙa ratsawa ta cikin wani zobe, wuƙa kuma tana yanka daf da bakin zoben, inda ƙarfen ba shi da damar gocewa. Duk wanda ya taɓa fiƙe tsinke ya san dalili: kusa da yatsa ake sa wuƙa.

Waɗancan injuna ba su da kwamfuta. Abin da ke tura wuƙaƙensu wasu faya-fayan ƙarfe ne masu tudu da kwari a gefe. Faifai yana juyawa, tudu ya tura wuƙa ciki, kwari ya sake ta. Kowane sabon kaya sai an lissafa masa nasa faya-fayai an yanka. Har yanzu akwai irin injunan nan suna aiki a kwarin, domin in kaya miliyan ake so iri ɗaya, saurinsu ba abin rainawa ba ne.

Tura inji da lamba kuwa daga Amurka ya fito. John Parsons, mai masana'anta a jihar Michigan, yana yin fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya ga cewa hannu ba ya iya bin lanƙwasarsu daidai. Rundunar sojan sama ta ba da kuɗi a 1949, a 1952 kuma makarantar MIT ta nuna inji na farko mai karanta umurni daga doguwar takarda mai huji-huji. Cikin shekarun 1970, da kwamfuta ta ƙanƙance, aka sa ta cikin jikin injin kansa. Shi ne abin da ake taƙaitawa da CNC.

Mutane da yawa sun zaci ƙarshen mai daidaitawa ya zo ke nan. Abin da ya faru dabam ne. An ɗauke masa yankan faifai, aka ɗora masa karatun wani harshe. A harshen nan G00 yana nufin wuƙa ta ruga da gudu ba tare da yanka ba, G01 ta tafi a miƙe tana yanka, M03 kuma sanda ta fara juyawa. Inji ba ya gardama, ba ya kuma tambaya. Abin da aka rubuta shi zai yi, ko da zai kai shi ga karo da kansa.

Yadda ake daidaitawa

Aikin yana farawa ne daga takarda. Mai saye yakan aiko da zanen kayan da yake so, kowane gefe da awonsa. Tun da babu injin da zai iya fitar da awo cif-cif, kowane awo yana da ƴar rata da aka yarda a kauce a cikinta. Ana auna ratar da mikron, watau kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Silin gashin mutum yakan kai mikron 50 zuwa 100. Ga misali: sanda mai kaurin milimita 20 wadda aka rubuta wa alamar h6 a zane, dole kaurinta ya tsaya tsakanin milimita 19,987 da 20,000. Ratar duka mikron 13 ce. Cikin wannan ɗan fili mai daidaitawa yake neman abincinsa.

Da ya karanta zane, sai ya tsara wace wuƙa za ta fara, wace za ta bi. Wuƙaƙen ba irin na mahauta ba ne. Ƴan haƙora ne da ba su wuce girman farce ba, na wani haɗi mai tsananin tauri da ake yi da tungsten, wanda kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayarwa cikin shekarun 1920 da sunan Widia. Ana ɗaure haƙorin a bakin mariƙi, in gefe ɗaya ya dakushe a juya wani. Akwai na feraya, akwai na huda, akwai na yanka murɗi, akwai na datse kaya daga jikin sanda. Kowane ƙarfe da irin haƙorin da yake so da irin gudun da yake ɗauka. In haƙori yana son ƙarfe ya wuce ta bakinsa da gudun mita 200 a minti, sandar kuma milimita 20 ce, to sai ta juya kusan sau 3200 a minti guda. In an rage, aiki ya yi nawa, kuɗi suna tafiya. In an ƙara, haƙori ya ƙone.

Sa'an nan sai babban aiki, watau sanar da inji inda bakin kowace wuƙa yake. Kwamfuta ba ta da ido. Ba ta san cewa wannan mariƙi ya fi wancan tsawo ba sai an auna an gaya mata. Mai daidaitawa yakan auna kowace wuƙa, ko a kan na'urar awo ko ta hanyar taɓa ta a jikin ƙarfe a hankali, ya shigar da lambarta. Inji guda yana iya ɗaukar wuƙa 12, wani 20, wani fiye. Lamba ɗaya da aka sa a gurbin wata ta isa ta sa wuƙa ta afka cikin ƙarfe da cikakken gudu. Ƙarar da ake ji a lokacin kowa a rumfar ya san ta. Abin da ke biyo baya shi ne karyayyen mariƙi, wani lokaci inji ya goce daga saitinsa, a yi kwanaki ana jiran mai gyara, mai saye kuma yana buga waya.

Shi ya sa kaya na farko ba a yinsa da gaggawa. Ana sa inji ya karanta umurni layi ɗaya, ya tsaya, a duba, a sake shi ya karanta na gaba. Hannun mai daidaitawa ɗaya yana kan maɓallin rage gudu, idonsa ɗaya a kan wuƙa ta cikin gilashi, ɗaya a kan lambar da ke nuna sauran tazarar da za ta yi. In lamba ta ce saura milimita 30, ido kuwa ya ga saura 5, to akwai ƙarya a wani wuri, sai a tsaya. Tsofaffin ma'aikata sun fi gane sabon shiga ta nan: wanda ya yarda da allon kwamfuta fiye da idonsa bai gama koyo ba.

Kaya na farko ya faɗo, sai a wanke shi a kai shi awo. Ma'aunin da aka fi sani shi ne wanda Faransawa ke kira palmer, sunan Jean-Laurent Palmer wanda ya yi rajistarsa a Paris a 1848. In awo ya nuna kauri ya zarce da mikron 15, sai a shigar da gyara, a rage 0,015. A nan ma akwai rami. Wanda ya manta sifiri ɗaya ya rubuta 0,15 ya ninka gyaran sau goma. Mai hankali kuma ba ya barin awonsa a bakin iyaka. Ya san haƙori yana cinyewa a hankali, kaurin kaya yana ƙaruwa, saboda haka sai ya fara daga ƙasan rata domin injin ya sami filin tafiya. Sai sashen duba inganci ya sa hannu a kan kaya na farko kafin a saki inji, a damƙa shi ga mai lura da shi.

Zafi ma yana da nasa hannu

Abin da ya fi wahalar da sabon ma'aikaci ya yarda da shi, shi ne cewa ƙarfe ba shi da tsayayyen awo. In ya ɗumama yakan kumbura. Baƙin ƙarfe mai tsawon mita guda yana ƙaruwa da wajen mikron 11 zuwa 12 in zafi ya hau da digiri ɗaya. Alminiyom yana yin ninki biyu na haka. Saboda wannan ne a 1931 hukumar awo ta duniya ta tsai da cewa duk awon da aka rubuta a zane, awo ne a zafin digiri 20. Sandar nan mai milimita 20, in an auna ta a digiri 40, irin zafin da Tawa takan wuce a watan Afirilu, za ta nuna ƙarin kusan mikron 5. Fiye da sulusin ratar ya tafi ke nan ba tare da kowa ya yi kuskure ba.

Injin ma haka yake. Da safe, yana sanyi, awonsa dabam. Bayan ya yi awa biyu yana gudu, ƙarafansa sun miƙe, awo ya gusa. Don haka ake barin sa ya yi gudu babu kaya kafin a fara, ake sanyaya ɗakin awo, ake kuma hana riƙe kaya a tafin hannu na tsawon lokaci kafin a auna. Ƙofar rumfa da aka bari a buɗe cikin ɗari tana iya ɓata aiki.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi cikin umurni. Mai daidaitawa yana sauraron inji yadda makiyayi ke sauraron garke. Wani siririn kuka yana nuna wuƙa tana rawa, kuma fuskar kaya za ta fito da zane-zane. Yana duba sassaƙen da ke zubowa: launinsa yana gaya masa zafin yanka, siffarsa kuma tana gaya masa ko injin zai kwana lafiya. Sassaƙe mai kakkaryewa gajere-gajere shi ake so. Wanda ke fitowa dogo kamar igiya, irin na ƙarfen da ba ya tsatsa, yakan nannaɗe wuƙa ya karce kaya. Tagullar da masu sana'ar suka saba da ita tana da daɗin yanka ne domin an zuba mata ƴar dalma, wajen kashi 3 cikin 100. Dokokin Turai na kiyaye lafiya suna ta matsa a rage dalmar, musamman a kayan ruwan sha, tagulla marar dalma kuwa sassaƙenta ba ya karyewa da sauƙi. Dokar tana da hujja, amma wanda ke biyan wahalarta a gaban inji shi ne mai daidaitawa.

Lissafin hasara ba shi da wuya. In kaya guda yana ɗaukar daƙiƙa 30, inji yana fitar da 120 a awa, watau 960 cikin aikin dare na awa 8. Haƙori ya ɓare da tsakar dare ba a lura ba, da safe akwai ɗaruruwan kaya da za a tsince ɗaya-ɗaya. Wannan ma da sauƙi in an gane. Mafi muni shi ne su wuce su shiga birkin motar wani.

Sana'ar tana da nata ciwo a jiki. Rumfuna da yawa suna aiki rukuni uku, kowane awa 8, barci ba ya samun tsari. Man da ake kwararawa kan wuƙa don sanyaya ta yana cin fatar hannu, tururinsa yana shiga huhu in ba a zuƙe shi ba, ƙarar injuna kuma tana rage ji a hankali.

Inda magana take yanzu

Masu masana'antun kwarin sun daɗe suna kukan rashin masu daidaitawa. Ana samun takardar shaidar CAP ko bakaloreya ta sana'a cikin shekara 2 ko 3, amma takarda ba ta sa a bar wa yaro inji mai tsada shi kaɗai; sai ya yi shekaru a bayan wani. Iyaye da yawa sun fi son ƴaƴansu su zauna ofis, ko da yake rumfar yau ta fi ta kakanninsu tsabta nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙware kuma, ga Suwis nan tafiyar da ba ta kai awa guda ba, inda albashi ya fi yawa. Kamfani ya horar, maƙwabci ya ɗauka.

Ga kuma dogaro da mota, wanda ya zama ƙarfin kwarin da rauninsa gaba ɗaya. A rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009 odar kaya ta faɗi warwas, injuna suka tsaya, aka rage wa ma'aikata kwanakin aiki. A 2015 asirin kamfanin Volkswagen ya tonu game da maguɗin awon hayaƙi, kasuwar motoci masu shan gazwal ta fara ja da baya, alhali kuwa sassan fesa gazwal suna cikin kayan da kwarin ya fi gwaninta a kai. Sassa ne da ke jure matsi har bar 2000, kusan ninki dubu na iskar tayar ƙaramar mota. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, kuma tun daga lokacin ake ta ja-in-ja kan sassauta ta. Ko an sassauta ko ba a sassauta ba, motar lantarki ba ta da bututun fesa mai, kuma sassaƙaƙƙun ƙarafan da take bukata ba su kai na mota mai inji yawa ba.

Saboda haka kamfanoni suke juyawa zuwa kayan jirgin sama, da na likita, da na lantarki. Irin wannan aiki ba a yinsa miliyan-miliyan. Mai saye yakan ce a yi masa 500, ko 2000, sa'an nan ya kawo wani zane. Injin da a da ake daidaita shi sau ɗaya ya yi wata yana zubo da abu guda, yanzu ana iya kwance shi a sake ɗaura masa wuƙaƙe sau biyu ko uku a mako, kuma duk sa'ar da yake tsaye ana daidaita shi ba ya kawo ko dala. Ƙarfen ma ya canza. Ƙusar ƙashi da dashen haƙori da titan ake yinsu, wanda ke riƙe zafi a bakin wuƙa ya cinye ta da wuri, ga tsada, ga sassaƙensa yana iya kama wuta. A kayan likita da na jirgin sama, kowane rukuni yana tafiya da takardarsa, mai nuna sandar da aka yanko shi, da injin da ya yi shi, da awon kaya na farko, da sa hannun wanda ya daidaita, kuma ana ajiye takardar shekaru masu yawa bayan kayan sun bar kwarin.